Ranar da Na Sauke Tulun Inna

Tulu a kaina, wuyana yana rawa, ina tsaye tsakar gida ina cewa a sauke ni, Gwaggo Hanne kuwa ta harɗe hannu ta ƙi tashi. Daminar 1976 ce, a gidanmu na bayan tashar jirgi a Minna, ko ƙirgen dangi ban fara ba. Inna ta rasu da rani. Baba, da ya ƙarar da ƙarfinsa wajen aikin birkin jirgin ƙasa, ɓarin jikinsa ya shanye, yana kwance a rumfa da rediyo bisa ƙirji. Ni ce ɗiban ruwa, ni ce tuwo, ni ce juya shi. Gwaggo yayarsa ce. Ta zo daga Kagara ne don ta tafi da ni, shi kuma a kai shi gidan wani ɗan'uwa da ko gaishe shi ba ya zuwa. Ta ce aikin ya fi ƙarfina, kuma ba ƙarya ta yi mini ba: na sha fasa tulu, don in na dawo daga rijiya matan maƙwabta duk sun tafi kasuwa, babu mai kama mini. Wannan ne kaɗai ya rage, na Inna, ginin matan Gbagyi.

"Sauke kanki," in ji ta. "In na tafi aljani ne zai sauke ki? In ya fashe, ki ɗauro kayanki."

A kwanakin nan Baba ba shi da zance sai na wani jirgi da rediyo ta ce Turawa sun aika wata duniya can sama mai suna Mas, babu mutum a ciki. Ina ba shi kunu yana yi mini bayani da karkataccen bakinsa. Shi tafiyar ba ta dame shi ba, tsayawar ce. Ya ce nisan ya kai kafin maganar masu jirgin ta isa gare shi, abin da zai faru ya riga ya faru, don haka jirgin ne zai sauke kansa. Kuma ba faɗowa yake yi gaba ɗaya ba. Da farko garkuwa ce ke shan zafin iskar can tana rage masa gudu. Sai ya buɗe laima. Iskar ba ta da kauri, laimar ba ta isa, sai ya yar da ita ya hura wuta ta ƙarƙashinsa, yana auna saura nawa ya taɓa ƙasa. A ƙarshe ƙafafunsa su ɗan lanƙwashe su shanye bugun. Ni dai kunu nake so ya shanye, ban ɗauka ina ji ba.

Sai ga muryarsa daga rumfa: "Talatu, kar ki kalle ta. Laima tukuna."

Na riƙe wuyan tulun, bayana a miƙe, na durƙusa sannu sannu har gwiwa ɗaya ta taɓa ƙasa. Ruwa na bin ƙeyata.

"Yanzu wuta. Tokare shi, kar ki sake."

Na zamo da shi kafaɗa, na tare gindinsa da tafin hannu, daga nan zuwa cinya. Gammona ya faɗi gabana. Na jawo shi da yatsun ƙafa, na ɗora tulun a kai. Ya yi ɗan tangaɗi, ya zauna.

Baba ya yi dariya har da tari, wadda rabona da ji tun Inna na raye. Gwaggo ta leƙa bakin tulun ta ce, "Rabin ruwan a jikinki ya ƙare, shashasha." Washegari ta hau mota ita kaɗai. Amma ta bar mini gammonta, mai kauri, na tsohon zane, ta kuma bi maƙwabta gida gida ta yi musu tas a kan barin marainiya tsaye da kaya. A hannuna Baba ya cika, bayan 'yan shekaru, a rumfar nan tasa.

Karatu sai da furfura na koya. Yanzu a unguwar Kpakungu nake, 'yan garuwa ke kawo ruwa a kura, jikokina ko gammo ba su iya naɗawa ba. Ɗaya ya nuna mini irin jirgin nan a waya yana sauka, ya fara yi mini bayani. Na ce rufe mini baki, na san shi tun uwarka ba ta zo duniya ba. Na kalla har ya dire ban ɗauke ido ba, don na san babu mai kama masa a wurin. Har yau in na ga yarinya tsaye da kaya a ka, ba na jira ta roƙa.