Lokacin Tashi daga Tabarma

Jiya na je ta'aziyya Gwammaja, ina zama sai malaminmu ya faɗo mini a rai. Shi ya koya mana falsafa da aikin hidima a kwalejin Kirista, tsoho mai tauna kanumfari, mai rowar magana.

Wata rana ya tafi da ni Kabara, inda wani Alhaji, abokinsa na ƙuruciya, ya rasa ɗa. A hanya na jera masa hujjojin masana kan dalilin wahala a duniya.

"Malam Falsafa," ya ce, "bar su wajen takalma. Ba mai sacewa."

Muka zauna. "Alhaji, ya ƙarin haƙuri?" Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Ana shafa fatiha, shi ya sunkuyar da kai yana tasa addu'ar a zuci. Ina shaƙar ƙamshin kanumfari har ƙafata ta sage. Can ya dafa gwiwar Alhaji ya miƙe, daidai lokacin da mutumin ya sauke ajiyar zuciya.

Shirun na koya. Yadda ake gane lokacin tashi ne ban tambaye shi ba, don a zatona akwai sauran zango. Kafin zangon ya zo, ya rasu. Yanzu ni ke kiwon ikkilisiya, kuma har yau ko in yi saurin tashi, ko in gunduri masu makoki.

Ubangiji ya ba ka hutu, Baba. Mu kuma ya sanar da mu abin da ba mu tambaye ka ba.