Laujen Baba

Ranar wata Alhamis, a kakar shekarar da na shiga aji uku, Baba ya dawo daga asibiti ɗauke da ƙanina Modu a kafaɗa, ya kwantar da shi kan tabarma a tsakar gidanmu na Gomari. Idanun Modu sun yi rawaya, yatsunsa sun kumbura, Mama na gasa masa gwiwa da tsumma mai ɗumi tana cewa, "Wushe, Modu, sannu." Ina wankin kwanuka a gindin dalbejiya na ji Baba ya ce mata, "Likita ya ce sikila ce. Wai jininsa ne ke lanƙwashewa kamar lauje."

Ni kuwa lauje ɗaya na sani, wanda Baba ke yankan shinkafa da shi a Zabarmari. Modu ya sha bin sa gona, yana korar tsuntsaye da gwangwani, ya dawo jiƙe yana rawar sanyi. Nan take na yanke hukunci da wayona na 'yar shekara takwas: laujen nan ne ke yankar mini ƙani. Na zare shi daga jikin katanga, na tura ƙarƙashin buhunan gawayi. Baba ya yi ta nema har ya haƙura ya aro na maƙwabta, ni kuma kullum ina leƙa fuskar Modu in ga ko sauƙi ya zo. Ya miƙe, mun yi 'yar ɓuya, na ɗauka na yi nasara. Da damina ta dawo ciwon ya dawo, bai kuma bar mana shi da rai ba.

Sai da na girma na fahimci abin. A cikin ƙwayoyin halittar da muke gada akwai rubutaccen umarni, da shi jiki ke ƙera furotin mai ɗaukar iska a jini. Harafi guda ne ya sauya, furotin ya fito a gurɓace, yana cunkushewa, ƙwayar jinin ta lanƙwashe ta toshe jijiya. Baba ya ba Modu irin wannan harafin ɗaya, Mama ta ba shi ɗaya, dukansu lafiya lau, ba su san suna ɗauke da shi ba.

Ni ma ban san ni da mijina muna ɗauke da shi ba, har sai da ɗana Bukar ya fara kuka da kumburin yatsu. Yanzu ni ce mai tsumma da ruwan ɗumi, kuma wallahi na gaji da sanin nan da ba ya rage masa zafi. A da ina da abin ɓoyewa ƙarƙashin gawayi. Wannan laujen kuwa daga jinina ya same shi.