Koren Dutse a Hannun Almakashi

Duk layin masu ɗinki babu wanda bai san Gwaggo Tsanwa ba, kuma ba don daɗin baki ba. Shagonta ne na ƙarshe, kusa da famfo: keke ɗaya, madubi mai tsaga, da bencin da duk wadda ta zauna a kai sai ta ji gaskiyar faɗin ƙugunta. Laƙabin kuwa daga zobenta ya fito, mai dutsen zabarjadi, kore mai ɗan rawaya-rawaya, kamar sabon ganyen lemo da rana ta haska ta bayansa.

Ita ta saya wa kanta da ladan ɗinkinta na farko. Mijinta ya dube shi ya ce kore ba ya karɓar ta. Ta ce ya kwantar da hankalinsa, ba a yatsarsa za a sa ba. Haka ya yi ta hararar zoben a bakin kwano har ya riga shi barin gidan, Allah ya ji ƙansa.

Abin da ya haɗa jinin Gwaggo da dutsen shi ne taurin kai. Wasu duwatsun da zarar yamma ta yi aka kunna fitila, sai su ɓata rai kamar an yi musu faɗa. Wannan ko a jikinsa. Da rana kore, gaban fitila kore shar.

Sai tsufa ya zo da nasa. Gaɓoɓi suka kumbura, zoben ya nutse cikin nama. Aka gwada sabulu, aka gwada mai, aka naɗa zare, yatsa sai ƙara baƙi take. Babban ɗanta, mai aikin ofis da tumbin ofis, ya sa ta a mota sai wurin maƙerin zinariya.

Maƙerin ya datse zoben. Gwaggo ta kau da kai, wai hayaƙin shagon ne ya shiga mata ido.

"Inna, shi ke nan an huta," in ji ɗan. "Ki ba ni dutsen in adana. Zan sa a yi miki na zumurrudu, koren dutsen nan mai tsada. Matar oganmu ta ce wannan ai zumurrudun talaka ne."

"Matar oganku ta taɓa dasa wa kanta maɓalli?"

"Haba Inna."

"Habar me? Ni na ce mata zumurrudu nake nema? Dutsen nan bai taɓa cewa shi wani ne ba. Ku ne kuke aron sunaye."

Maƙerin ya ɗaga dutsen da ɗan hantsaki, yana ɓoye dariya. "Gwaggo, launi kam ya ji, ba wanda zai raina shi. Amma duba fuskar, duk ta kakkarce. Zabarjadi ba shi da taurin zumurrudu ma. Yatsun nan kuma ba za su sake ɗaukar zobe ba. A naɗe shi cikin auduga ya fi."

Gwaggo ta san audugar nan. Daga auduga sai akwati, daga akwati sai ranar rabon kayanta. Ta zuge jaka ta fito da babban almakashinta, baƙi, wanda ba ta bari ko jikokinta su yanka takarda da shi. Ta dangwarar a teburin.

"Nan za ka dasa shi. A hannun, ta waje, inda zan riƙa ganin abina."

"A almakashi? Zai ƙara karcewa fa."

"Ni ka ga an naɗe ni cikin auduga? Dubi hannun nan. Tare muka kakkarce, tare za mu ƙarasa."

Ɗan ya ce mutane za su yi dariya. Ta ce su yi, haƙoransu ne za su sha iska.

Maƙerin ya narka azurfar tsohon zoben ya yi wa dutsen gida a hannun almakashin. Yanzu in Gwaggo tana yanka yadi, wani ɗan koren haske ne ke tsalle a bango, yara na leƙowa ta taga. Kwanan nan ɗan ya kawo wando a buɗa masa ƙugu. Ta ɗauki almakashin, ta juya dutsen saitin fuskarsa, sannan ta fara farke ɗinkin.