Ni Na Biya wa Kaina Golmo

Ina gaida edita da masu karatu. Lokacin da abin nan ya faru ni budurwa ce a Zuru, ɗiyar tsohon soja, ina ɗinki a wani ɗan shago kusa da kasuwa. Doguwa ce ni, baƙa, ga tabon ƙuna daga wuya har ƙasan kunne, na ruwan zafin da ya zubo mini ina rarrafe. Tun firamare yara ke tsokanata da tabon nan, har na saba tafiya kai a karkace, ɗankwali a janye gefe ɗaya ko ana zafin bazara. Babu babban da ya taɓa ce mini mummuna. Ni na yanke wa kaina hukuncin, na kuma riƙe shi gam.

Ina da ƙawa guda, 'yar maƙwabtanmu. Kwano ɗaya muke ci tun muna yara, har Mama ta gaji ta daina raba mana, don ko an raba sai mun juye wuri guda. Kyakkyawa ce, ga baki, ga dariya. In mun fita ita samari ke kallo, ni kuwa a ba ni saƙo in kai mata. Ita ke rama mini faɗa, ita ke fizge ɗankwalin ta ce in bar wuyana ya sha iska. Wallahi ina sonta, amma duk sanda aka yaba ta sai in ji wani ɗaci can ƙasan raina, ban kuwa taɓa faɗa wa kowa ba sai yau.

Ana nan wani mai sayar da kayan gyaran babur ya kawo wando in rage masa tsawo. Ya dawo karɓa, ya ƙara dawowa ba wando, ƙarshe ya ce ni yake so. Ni fa, ba ƙawata ba. Ranar ko abinci ban iya ci ba don murna. Yakan ce mini cikin wasa in gode wa Allah da ya same ni, don in ba shi ba wa zai kwashe ni da wannan wuya. Sai in yi dariya, har in ga ai gaskiya ya faɗa. In ya yi mako bai ɗaga wayata ba, ni ke ba shi haƙuri.

A wajenmu saurayi kan zo da abokansa su yi wa uban yarinya noma kafin a ba shi ita, shi ne golmo. A da shekaru ake yi, yanzu an sassauta, amma Baba ya ce ko na damina ɗaya ne sai ya ga gumin mai neman ɗiyarsa a gonarsa. Da na kai wa saurayin nawa maganar sai ya bushe da dariya, ya ce shi ba shi da bayan duƙe, matan da ba su da tabo ma yanzu ba a yi musu wannan wahala, in ina son auren in san yadda zan yi. Maimakon in ji zafi, tsoro na ji, tsoron kada ya tafi. Na kwashe abin da nake tarawa don sayen sabon keken ɗinki, na ɗauko 'yan ƙwadago daga wajen Mahuta, na roƙe su su ce shi ya turo su, su ce shi kuma ya je Wasagu kai kaya. Baba ya tsaya bakin gona yana kallon kunyoyin dawa yana sa wa surukinsa albarka.

Ni da ƙawata muka kai wa masu noman kunu da tuwo. Ta shiga tsokanarsu da yarenmu kamar yadda ƙawar amarya ke tsokanar abokan ango, sai ga shi ko unguwar angon ba su sani ba. A hanyar komawa ta sauke tasa, ta tsare ni da ido, na fashe da kuka na gaya mata komai. Ba ta zage ni ba. Ta ce asirina ba zai fita daga bakinta ba, amma mutumin da ba zai duƙa yini ɗaya a gonar ubana ba, ba zai duƙa ya ɗaga ni ba ranar da na faɗi. Ta ce Juma'ar da za ta yi kyau tun Laraba ake gane ta. Na ce mata ita da samari ke layi a ƙofarta ba za ta gane ba.

Ashe ba ta haƙura ba. Ta sami saurayin nawa a shagonsa ta ce ya ji kunya ya je gonar ko sau ɗaya. Da yamma ya zo mini yana murmushi, ya ce in yi hankali da ƙawar nan tawa, yau ta kawo masa kanta har shago, shi ne ya ƙi. Ko tambaya ɗaya ban yi ba. Tun ina yarinya nake jiran ranar da za ta karɓe abin da na samu, to ga ta ta zo. Na tare ta bayan koyon waƙa a coci, gaban 'yan matan ƙungiyarmu, na kira ta maciyiya amana, na ce kyan ɗan maciji gare ta. Da ta faɗi kalma ɗaya kan golmon nan, da ta gama da ni a wurin. Ta dube ni kawai, ta ɗauki jakarta ta tafi. Aka yi bikina ba ita.

Auren ba sai na tsawaita ba. Zagi ya zama gaisuwar safe, daga baya hannu ya biyo, ɗinkina ke ciyar da gida. Mijin da bakinsa ya tona asirin golmon a gidan burkutu, yana alfaharin ya auri matar da ta biya wa kanta golmo. Maganar ta iske Baba a kasuwa. Bai yi mini faɗa ba, ya dai ce da ya san haka na raina kaina da ya nome gonar da hannunsa ya bar ni a gida. Wata rana kuma muna rikici mijin ya ce da ni da ƙawata duk bakinmu ɗaya, ita ma wa'azin zuwa gona ta je ta yi masa a shago. Nan na gane abin da na aikata. Na goya ɗana na koma gidanmu, ban sake waiwayarsa ba.

Bara na yi ƙarfin hali na je Dabai inda take aure. Ta tarbe ni, ta shimfiɗa mini tabarma, ta ɗauki yaron tana masa wasa. Na durƙusa na roƙe ta gafara, ta ce ta yafe tun tuni, in tashi. Har na fara jin sanyi a raina. Da aka sauke tuwo sai ta kawo mini nawa a kwanon baƙi mai murfi, ta ajiye gabana da ladabi, ta koma gefe ta ci nata ita kaɗai.

'Yan'uwana mata, wanda ya ce alfarma ya yi miki da ya so ki, ba sonki yake ba. Kuma in kin raina kanki, ƙaryar da ta yi daidai da tsoronki ita za ki fi saurin yarda da ita. In kina da ƙawar da ke faɗa miki abin da ba ki son ji, ki tambaye ta kafin ki yanke mata hukunci. Ni miji ne na rabu da shi ban yi kuka ba. Abin da ke sa ni hawaye har yau shi ne kwanon nan mai murfi.