Yatsa a Kan Baƙin Gilashi

Tun da Balaraba mai masa ta hura wuta a bakin Titin Bauchi take lura da yarinyar nan. Da gani ɗalibar jami'a ce, ga jaka a kafaɗa, rigar sanyi ta yi mata yawa. Keken haya nawa ne suka tsaya suka wuce, ko kai ba ta ɗago ba. Babban yatsanta sai shafar waya yake yi, alhali ba ta karanta komai. Ta cinye farcen har jan nama ya fito.

Can wayar ta yi ƙara. Yarinyar ta zabura, ta gyara ɗankwali, ta ƙaƙalo murmushi, sannan ta amsa kiran bidiyo.

"Mama, ina kwana?"

"Juya wayar in ga inda kike," in ji wata murya mai sanyi.

Ta juya a hankali, ta nuna titi, ta nuna kaskon masa, kamar aikin da ta saba. Balaraba ma sai da ta gyara mayafinta.

"Wane ne wancan a bayanki?"

Wani mai jiran mota ne kawai. Yarinyar ta buɗe baki ke nan caji ya ƙare, wayar ta mutu.

Murmushin yana nan a fuskarta. Yatsan na ta shafar baƙin gilashin wayar. Balaraba ta san yanzu a wani gida ana sake kira, ana jin wayar a kashe, kuma ba caji za a zarga ba.