Matar da ta sa fuskata a bangon mujalla

Anti Hassu ta rasu.

Da safiyar nan labarin ya same ni. Ina buɗe shago ke nan, ko shara ban yi ba, waya ta yi ƙara. Ummi ce, ɗiyarta. Na ɗauka ina dariya, don na zaci cigiyar rigarta za ta yi, wadda na yi sati biyu ina mata alkawari. Sai na ji ta ce, "Anti Lami, Mama ta tafi."

Na ce ta tafi ina?

Sai kuka.

A asibiti a Katsina, bayan sallar asuba. Ku yi mani haƙuri in rubutun nan bai tafi daidai ba.

Mutanen Jibiya da Magama ba sai na gaya maku ko wace ce ba. Ga na nesa: ita ce mai situdiyon hoton nan na bakin tashar Magama, dab da boda, inda motocin Maraɗi ke lodi. Ita ce kuma mai 'yar mujallar kwalliyar nan da teloli ke ajiyewa a kan tebur don kwastoma su zaɓi ɗinki. Ita ce edita, ita ce mai hoto. Ita ke kai aikin Kano a buga, ita ke ɗaure kwafin da igiya ta ba direbobi su tsallaka da shi.

Ɗinki ne ya haɗa mu. Na baro ƙauyenmu Mazanya ina 'yar shekara ashirin, na zo gari da tsohon keken ɗinkin da ƙanen babana ya ba ni. Wata rana ta ga riga a jikin wata mai sayar da awara, ta tambayi wadda ta ɗinka, ta biyo sawu har rumfar da nake. Ta juya rigar ciki waje, ta duba bakin ɗinkin, ta ce, "Ke kin san aikinki. Gobe ki zo situdiyo."

Daga nan na zama mai ɗinka kayan da ake ɗauka a mujallar.

Ni Kirista ce, ita Musulma. Ran Lahadi ba ta kira na aiki, ko da aikin ya matse. In ta manta ta kira, da ta ji ƙarar ganga a bayana sai ta ce, "Au, kina majami'a. Ki sa mu a addu'a," ta kashe.

Akwai abin da ban taɓa faɗa a shafin nan ba, yau zan faɗa.

Ni baƙa ce sosai, kuma ina da tsagar gidanmu a kumatu. Da na shigo gari na ga yadda ake kallona, sai na fara shafa man bilicin. Tsagar kuwa, hoda nake cusa mata kowace safiya har ta cike. Fuskata ta yi ja, gaɓoɓin yatsuna suka tsaya baƙi. Ina auna mutane ina ɓoye hannu.

Ta gani. Ba ta ce komai ba a gaban mutane. Ran da ta dawo daga Maraɗi ta ajiye mani gwangwanin man kaɗe a kan keke, ta ce, "Rana na ƙona ki, ƙanwata. Wanga ya fi sanyi." Shi ke nan. Ba wa'azi, ba gori.

Ban daina ba a lokacin. Gaskiya ce.

A shekarun nan duk wadda ta hau bangon mujallar 'yar fim ce ko mawaƙiya, daga Kano ake kawo hoton ko Anti ta je can ta ɗauko. Haka kowa ke yi, don fuskar da aka sani ita ke sayar da takarda. Kuma duk farare ne. Wadda ba ta kai ba, a ƙara mata haske a kwamfuta. Anti da kanta take yi, na sha ganin ta. Ba wanda ya ɗauke shi laifi.

Sai ran nan na shigo situdiyo da kaya, na tarar ta baje tsofaffin fitowa a ƙasa tun daga ta farko, tana zaune a kan tabarma tana kallonsu. Idonta ya yi ja.

Ta ce, "Lami, zo ki duba. Mutum nawa kika gani nan?"

Na fara ƙirga. Ta ce, "Bari. Fuska guda ce."

Ashe man bilicin ta tsinta a jakar makarantar Ummi. Ummi lokacin tana aji uku na sakandare, baƙa kamar babanta. Anti ta ɗaga hannu za ta mare ta, yarinyar ta ce, "Mama, ke ma ai ba ki taɓa sa irina a mujallarki ba."

Ta ce hannun nan a sama ya tsaya. Ta ce, "Ɗiyata ta kama ni, Lami."

Fitowar Sallah ce ke tafe, wadda ta fi kowace kasuwa. An riga an gama magana da wata jaruma babba. Wani Alhaji mai shadda a Maraɗi, wanda tallarsa ke cika shafin baya kullum, shi ya ba da yadin da za ta sa. Anti ta kira jarumar ta ba ta haƙuri, ta ce za ta ba ta shafi huɗu a ciki amma bango na wata ne. Sannan ta juyo ta dube ni.

Na ce, "Anti, kada ki yi mani haka. Dariya za a yi mani."

Ta ce, "Wasu za su yi. Ba zan ruɗe ki ba. In kin ce a'a, magana ta mutu, ba kuma zan ji haushi ba. Amma in kin yarda, wata biyu ba bilicin."

Na kwana uku ban ba ta amsa ba. A na huɗu na kai mata kwalbar man da kaina na ajiye a kan teburinta.

Ba zan manta safiyar da muka yi hoton ba. Ba a situdiyo ba, a fili, bayan tasha, inda manyan motocin nan da mutanen Nijar ke ce wa kamyo suke layi suna jiran a buɗe masu hanya. Ta tsayar da ni jikin wata koriya, an yi mata lodin albasa. Na sa shadda ruwan shuni da na ɗinka da hannuna. Bilicin kam na daina kamar yadda muka yi alkawari, amma na cika tsagata da hoda.

Ta sauke kamara. Ta ciro hankici daga jaka, ta jiƙa da ruwan leda, ta goge mani fuska a hankali kamar mai yi wa jariri wanka.

Ta ce, "Wa ya yi maki wannan tsaga?"

Na ce kakata ce ta riƙe ni aka yi.

Ta ce, "To ba za mu rufe aikin kaka ba."

Direban motar yana zaune a inuwa yana shan shayi, ya ce, "Hajiya, wace 'yar fim ce wagga?" Anti ta ce mashi, "Sai ka gani a kasuwa."

Kada ku zaci abin ya zo da sauƙi. Alhajin nan ya tsallako da kansa, ya ajiye mujallar a gabanta, ya ce, "Hajiya, mi ne ne wannan? Wa ya san ta? Shaddata ba ta 'yan ƙauye ba ce." Ina bayan labule ina ji. Anti ta ce, "Alhaji, je ka shagonka ka tsaya wuni guda ka dubi matan da ke sayen shaddar. Da wa suka yi kama, da ita ko da wadda kake so?" Ya kwashe tallarsa ya tafi, bai dawo ba sai bayan shekara.

Daga Katsina aka dawo mata da ɗaurin mujallu ko kwance su ba a yi ba. A intanet kuwa na ga abin da ya hana ni cin abinci. Wani ya rubuta wai an ɗauko mai tallar gawayi. Wata ta ce a fara wanke ta tukuna. Na rufe shago kwana biyu.

Ta zo har ɗakina da kwanon dambu. Ta ƙwace wayar daga hannuna ta sa a jakarta, ta zauna sai da na cinye. Ta ce, "Ni na jawo maki, ki yafe mani. Amma ko yau aka ce in sake, ke zan sa."

Ta yi asara a fitowar nan, kowa ya sani. Ba ta taɓa ambata mani ba.

Abin da ya warkar da ni, a Mazanya ya faru. Anti ta ce mu kai wa Innata kwafi. Muka hau mashin biyu muka je, muka same ta tana sussukar gero. Inna ba ta karatu. Ta goge hannu a zane, ta karɓa, ta daɗe tana kallo. Sai ta kai yatsa kan tsagar da ke hoton, ta kai kan nata kumatun. Ta ce da Anti, "Ɗiyata, wannan takarda har birni take zuwa?"

Anti ta ce, "Har Kano, Inna. Har Maraɗi."

Inna ta ce, "Da tsagar a fili haka?"

Ta ce, "A fili."

Inna ta shiga ɗaki, ta fito da zabuwa ta ɗaure mata ƙafa ta miƙa wa Anti. Haka muka dawo Jibiya da zabuwa tana ihu a kan mashin, Anti na dariya har da hawaye.

Bayan wata guda mata suka fara zuwa shagona daga ƙauyukan Kusa da Farfaru, har daga tsallaken boda, da bangon nan a naɗe cikin jaka. "Irin wannan nake so." Waɗanda da suke ce mani kala mai haske ta farare ce, suka fara sayen ruwan ƙwai da ja.

Ba ta daina sa 'yan fim ba, kada a yi mata ƙarya. Cewa take su ma sana'arsu suke. Abin da ta daina shi ne ƙara wa kowa haske. Wata jaruma baƙa ta kira ta bayan ta ga hotonta ya fito yadda Allah ya yi ta, ta ce shekara da shekaru tana fitowa a fosta ba wanda ya taɓa tambayar ta kafin ya sauya mata fata. Bayan ni, Anti ta sa wata tsohuwa mai kitso a kasuwar Jibiya, furfura a waje. Ta sa wata zabiya, malamar firamare, da ta ce ba a taɓa kiran ta kyakkyawa ba. Ko lokacin da aka rufe boda, takarda ta daina tsallakawa, sai ta mayar da mujallar waya ta ci gaba.

Ummi kuwa ta jefar da man nan tun a satin da hotona ya fito. Yanzu tana makarantar koyon jinya.

Ganina da ita na ƙarshe, ranar Laraba ta wancan sati. Na je tasha karɓar yadi, na gan ta zaune a benci tana jiran motar Katsina ta cika. Ta rame, zoben hannunta har juyawa yake. Ta ce likita ne ya ce ta koma a sake duba ƙodarta, ba wani abu ba. Na ce bari in rufe shago in raka ta. Ta ce, "Ke da ɗinkin biki a gabanki? Zauna ki yi aikinki."

Na biye mata. Wannan shi ke ci na yanzu.

Muna zaune, sai ta ciro wayarta ta miƙo mani. Ta ce, "Ɗauke ni."

Na yi mamaki. Matar da ta ɗauki rabin garin nan, ko a biki in an ɗaga waya sai ta kauce. Na ce, "Anti, yau kuma? Bari ki dawo ki warware, in ɗinka maki sabuwar riga, mu yi shi sosai."

Ta ce, "A'a, yanzu. Ummi ba ta da hotona na kirki. Kuma kada ki taɓa shi, yadda nake haka za ki bar ni."

Ta gyara mayafi, ta dube ni, ta yi murmushi. Na ɗauka sau ɗaya. Ta duba, ta ce, "Kin yanke mani kafaɗa, amma ya yi." Ta tura mani, ta tura wa Ummi. Mota ta cika, ta shiga gaba, ta ɗaga mani hannu ta taga.

Shi ne hoton da kuke gani a ƙasan rubutun nan. Ban taɓa shi ba, Anti.

Za a yi jana'izarta bayan azahar a ƙofar gidansu da ke Jibiya. Yanzu zan rufe shago in tafi wajen Ummi.

Ya Allah, ga baiwarka Hassana ta zo gare ka. Ka jiƙanta, ka yafe mata kurakuranta, ka haskaka makwancinta, ka sa Aljanna ce makomarta. Ka ba Ummi da babanta haƙurin wannan rashi, mu ma ka ba mu.

'Yan'uwana Musulmi, ku sa ta a sallolinku na yau. 'Yan'uwana Kirista, ku ambaci sunanta ran Lahadi. Duk wanda ya karanta har nan, ko ka san ta ko ba ka san ta ba, don Allah kada ka wuce ba ka yi mata addu'a ba.