Murfin Kaka

A makon jiya, a ɗakin gwaje-gwaje, malaminmu ya ɗumama wani farin gari, ya kife gilashi a kai. Can sai ga wasu fararen allurai, sirara kamar gashi, sun manne a jikin gilashin. Ya ce sinamik asid ne, ɗan'uwan sinadarin da ke ba kirfa ƙanshinta. Ya ce bishiyoyi ne ke yin sa, kuma akwai shi da danginsa a cikin jawul, ƙaron nan mai ƙanshi da ake kawowa daga gabas. 'Yan ajinmu suna ta rubutu. Ni kuwa na ajiye birona, na ƙura wa gilashin ido.

Na san alluran nan tun ina 'yar shekara tara, a gidanmu na Lamisula.

Kakata, mahaifiyar babana, ita ke haɗa turaren wuta na duk bikin danginmu, wanda take kira ka'aji. Ba ta taɓa zuba jawul a tukunya ba sai ta gwada shi. Takan ɗora ɗan gutsure a kasko bisa garwashi, ta rufe da wani tsohon murfin kwano, ta jira. In na gaske ne, sai murfin ya yi fararen allurai. In an cakuɗa shi da ƙaron banza, sai baƙin hayaƙi kawai. Da idonta ya yi rauni, ni ce mai duba murfin in faɗa mata.

Wata damina, ana shirin bikin 'yar Baffa, wan babana, sai ya kawo jawul cike da kwalla. Ya sayo shi da kansa, yana ta yabonsa. Tsakar gida cike da gwaggonni, ƙasa na ƙanshin ruwan safe. Kaka ta shinshina, ta gwada, ta ce wannan ba zai shiga tukunyarta ba.

Baffa ya yi dariya, ya ce hancin tsufa ne. Kaka ta miƙo mini murfin.

"Uwata, faɗa musu abin da kika gani."

Na gani sarai. Baƙi ne ƙirin, ko allura ɗaya babu. Amma Baffa yana tsaye a kaina, mutumin da ko gaishe shi sai na durƙusa. Na sunkuyar da kai. Bakina ya ƙi buɗuwa.

"To, kun gani," in ji shi. "Yarinyar ma kunya take ji mata."

Ka dubi wannan, mai karatu. Mata goma sha suna zaune, kowacce da idonta biyu, kowacce da turaren Kaka aka kai ta ɗaki. Babu wadda ta miƙa hannu ta karɓi murfin. Suka bar wa yarinya shari'a tsakanin uwa da ɗanta, sannan suka ɗauki shirunta hujja. A ranar aka kai aikin wani gida. Kaka ba ta yi mini faɗa ba. Ta dai wanke kaskonta ta kife, ba ta sake haɗa turare ba har ta rasu.

Yanzu a kwalba ake sayen turare, an fesa masa mai, ƙanshinsa ba ya kwana uku a jikin zane. Gwaggonnin nan su ne kan gaba wajen cewa na da ya fi, kamar ba su suka zauna suna kallo ba.

Jiya na je gaida Baffa. Na durƙusa, na faɗa masa abin da malaminmu ya nuna mana, sannan na ce murfin nan na ranar baƙi ne, Kaka ce ke da gaskiya. Shekara goma sha uku ina ɗauke da maganar. Ya sa mini albarka a kan karatuna, ya kurɓi shayinsa, ya dube ni.

"Wane murfi?"